BABI NA UKU: TARIHIN MANUFOFIN GWAMNATI KAN TARAYYAR MALLAKAR GIDA DA HAƘƘIN MAI RIƘO A MAGAJIN GARI, BIRNIN GWARI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin manufofin da gwamnatoci daban-daban suka shimfiɗa game da filaye da gidaje, tun daga zuwan Turawan mulkin mallaka har zuwa yau, tare da duba yadda suka shafi mutanen Magajin Gari. An taƙaita nazarin a kan rukunin mutane biyu. Rukuni na farko su ne waɗanda suka yi tarayya a kan gida ɗaya, kamar magadan da ba su raba gado ba. Rukuni na biyu kuwa su ne waɗanda ke riƙe da gida ko gona ta hanyar aro ko haya ko jingina. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, tun daga 1910 dokokin gwamnati sun fi mayar da hankali a kan dangantakar da ke tsakanin hukuma da mutum ɗaya mai takarda, alhali kuwa akasarin gidajen Hausawa na jama'a ne, kuma da yawa daga cikin mazauna gari ba su ne masu wurin da suke kwana ba.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tarayyar mallaka, kamar yadda aka yi amfani da ita a wannan bincike, tana nufin mutum biyu ko fiye su mallaki gida ɗaya ba tare da an ja iyakar rabon kowa ba. Kowa ya san yawan kasonsa, amma ba wanda zai iya nuna ɗaki ko bango ya ce nan ne nasa ya tsaya. Akwai kuma ma'ana ta zamani, wato mutum ya sayi wani kaso na gida daga hukuma ko banki, ya riƙa biyan haya a kan kason da ya rage, yana ƙara saye sannu a hankali har gidan ya zama nasa.

Mai riƙo kuwa shi ne wanda ke amfani da wuri na wani lokaci bisa yardar mai shi. A al'adar Hausawa riƙo iri-iri ne. Aro shi ne a ba mutum wuri ba da kuɗi ba, sai dai ɗan abin da zai kai wa mai wurin da kaka don shaida, wanda a ƙasar Zazzau ake kira galla. Haya ita ce zama bisa biyan kuɗi a wata ko a shekara. Jingina kuwa ita ce mai wuri ya karɓi kuɗi ya miƙa wurinsa, ba zai karɓe shi ba sai ranar da ya mayar da kuɗin.

3.2 Magajin Gari da Kewayenta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Tegina zuwa Legas. Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu goma sha ɗaya, uku daga ciki suna ɗauke da sunan Magajin Gari, wato ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kuma su ne suka ƙunshi cikin gari. Sauran su ne Gayam da Kuyello da Kazage da Kakangi da Tabanni da Dogon Dawa da Kutemeshi da Randagi. Ƙasar tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, tana kuma da dazuzzuka masu faɗi, mafi shahara daga cikinsu shi ne dajin Kamuku. Sana'o'in jama'a su ne noma da kiwo da kasuwanci da haƙar zinariya. Sarkin Birnin Gwari Alhaji Zubairu Jibril Mai Gwari na biyu ya hau gadon sarauta a 1993.

Wannan yanayi na yalwar daji yana da muhimmanci ga fahimtar tarihin mallaka a yankin. A ƙasashen da jama'a suka cunkushe, kamar kewayen birnin Kano, gona ta yi daraja tun da wuri. A Birnin Gwari kuwa abin da ya yi ƙaranci a da shi ne hannun da zai yi noma, shi ya sa karɓar baƙo da ba shi aron wuri ya zama hanyar bunƙasa gari.

3.3 Tsarin Mallaka Kafin Zuwan Turawa

Kafin zuwan Turawa, hanyoyin samun wuri a ƙasar Hausa sanannu ne: sassabe a dajin da ba mai shi bisa iznin mai gari, da gado, da kyauta, da aro, da jingina, sai kuma saye a wasu wurare. Gida da gona sukan tafi tare a ƙarƙashin tsarin gandu. Maigida shi ke riƙe da gida a madadin iyalinsa, 'ya'yansa maza su yi aure a ware musu sassa a cikin gidan, su yi aikin gandu tare, kowa kuma yana da gayaunarsa. Idan maigida ya rasu, sau da yawa babban wa ke ci gaba da riƙon gidan ba tare da an raba ba. Wato dai tarayyar mallaka ita ce asalin zaman gidan Bahaushe.

Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya ta tanadi ƙa'idoji ga wannan zama. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum zai keɓanta da mataccen fili. Haka kuma littattafan da alƙalai ke aiki da su, irin su Risala da Tuhfa, sun yi bayanin shufu'a. Shufu'a ita ce haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ta hanyar biyan kuɗin da baren ya biya. A wajen Malikawa wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi. Wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ya yi tafiya yana nan a kan haƙƙinsa har ya dawo. Da wannan ƙa'ida ake hana bare shigowa tsakiyar gidan gado ba da son masu gidan ba.

Shi ma mai aro al'ada ta ba shi kariya. Ba a tayar da shi yana da amfani a gona sai ya girbe, kuma muddin bai musanta cewa wurin aro ne ba, yana iya zama har 'ya'yansa su gaje shi a kan aron. Shaidar wannan duka ita ce mai unguwa da dagaci da dattawan da aka yi abin a gabansu.

3.4 Zamanin Turawan Mulkin Mallaka

Da Turawa suka ci ƙasar Arewa, Lugga ya kafa dokoki a 1902 waɗanda suka ba Gwamna iko a kan filayen da aka karɓa daga Kamfanin Neja da kuma filayen sarakunan da aka ci da yaƙi ko aka tuɓe. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don nazarin al'amarin filaye a Arewa. Ra'ayin da ya rinjaya a kwamitin shi ne cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, amfani kawai suka sani, don haka a hana cinikin ƙasa kada 'yan kasuwa su mamaye ta. A kan wannan ra'ayi aka gina dokar 1910, wadda aka sake yi wa kwaskwarima a 1916. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya, kuma abin da mutum zai iya samu shi ne haƙƙin zama a wuri.

Wannan doka ta haifar da abubuwa biyu da har yau ba a rabu da su ba. Na farko, hukuma ta zama uban ƙasa na ƙoli, kowa kuma ya koma kamar mai riƙo a hannunta. Na biyu, an samu tsari iri biyu a ƙasa ɗaya. Kamfanoni da baƙi suna samun takarda daga Gwamna, da wa'adi da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Talakawa kuwa an bar su a hannun En'e da alƙalai, suna gado da aro da jingina yadda suka saba, ba tare da rubutu ba.

A Birnin Gwari ikon da wannan doka ta ba hukuma ya fi bayyana a daji. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e, wanda daga baya, a 1999, ya koma gandun daji na ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Ma'adinai ma, har da zinariyar da aka riƙa haƙa a yankin tun zamanin Turawa, doka ta mayar da su na gwamnati. Ma'ana, hanyar sassabe, wadda ita ce hanya mafi sauƙi da talaka ke zama mai wuri, ta fara ƙuntata. Duk lokacin da sassabe ya yi wuya kuwa, masu aro da masu haya sukan ƙaru, magada kuma su ƙara cunkushewa a kan abin da uba ya bari.

3.5 Dokar 1962 da Dokar 1978

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello ta kafa dokar filaye ta 1962. Dokar ta ɗauko tsarin 1916 kusan dungurungum, sai dai ta mayar da ikon Gwamna hannun Minista, ta kuma bambanta ɗan asalin Arewa da wanda ba shi ba wajen samun wuri. A 1965 aka ƙara da dokar keɓe wuraren kiwo.

Sai kuma a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, bayan rahoton kwamitin da Mai Shari'a Chike Idigbe ya shugabanta a 1977. Za a iya cewa wannan doka ta ɗauki tsarin Arewa ne ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya. An kuma cusa ta a cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999, ta yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Sassan da suka shafi wannan nazari su ne kamar haka:

(a) Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana.

(b) Sashe na 5 da na 6 sun raba iko. Gwamna ke ba da haƙƙin zama na doka, ƙaramar hukuma kuma ta ba da haƙƙin zama na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har zuwa hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo.

(c) Sashe na 8 ya ce haƙƙin da Gwamna zai bayar dole ya kasance da wa'adi. A aikace wa'adin gidan zama shekara 99 ne.

(d) Sashe na 21 da na 22 sun hana sayarwa ko jinginarwa ko ba da wuri ga wani sai da iznin hukuma, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

(e) Sashe na 24 ya yarda a yi gado bisa al'adar mamaci, amma ya ce ba za a tsaga haƙƙin zama na doka gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi ba sai da iznin Gwamna.

(f) Sashe na 28 da na 29 sun ba Gwamna ikon ƙwace wuri don amfanin jama'a, diyya kuma ana biyan ta ne a kan gini da amfanin gona da sauran abin da aka raya wurin da shi.

Idan aka duba waɗannan sassa za a ga cewa takardar da jama'a ke kira takardar mallaka, a haƙiƙa takardar riƙo ce mai dogon wa'adi. Mai ita yana biyan kuɗin ƙasa, yana neman izni kafin ya sayar, kuma akwai ranar da wa'adinsa zai cika. Dokar ba ta fayyace abin da zai faru idan wannan rana ta zo ba. Takardar da aka bayar a 1980, alal misali, za ta ƙare a 2079, wato a zamanin jikoki, lokacin da magadan gidan sun yi yawa.

3.6 Manufofin Samar da Gidaje

Baya ga dokokin filaye, gwamnatocin tarayya sun yi ta ƙirƙiro shirye-shiryen samar da gidaje. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, a 1977 kuma aka kafa Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da shirin gidaje masu sauƙin kuɗi a 1980, da niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, sai dai abin da aka gina bai kai abin da aka ƙudurta ba kafin juyin mulkin 1983. Yawancin gidajen ƙanana ne, an tsara su don miji da mata ɗaya da 'ya'ya kaɗan, babu zaure, babu kuma wadataccen tsakar gida da za a ƙara sassa idan 'ya'ya sun girma.

A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Manufar Gidaje ta Ƙasa, a 1992 kuma ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci don ya samu damar karɓar lamuni. Daga 2003 gwamnatin Obasanjo ta shiga sayar da gidajen gwamnati, Gwamnatin Jihar Kaduna ma ta bi sahu a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, wanda kuma a zamaninsa aka kafa hukumar KADGIS don rajistar filaye ta hanyar kwamfuta. A 2018 Bankin Ba da Lamunin Gidaje ya ɓullo da tsarin zama a gida ana biyan haya har ta zama kuɗin saye.

Duk waɗannan shirye-shirye suna da sharaɗi iri ɗaya, wato mai nema ya kasance mutum ɗaya mai albashi ko sanannen kuɗin shiga, a mafi yawan lokuta kuma ana buƙatar takardar fili. Manomin Magajin Gari ba shi da albashi, kuɗinsa na zuwa ne da kaka. Gidan da yake ciki na gado ne, ba shi da ikon jinginar da shi shi kaɗai. Ga kuma matsalar kuɗin ruwa da ta sa Musulmi da yawa ƙaurace wa lamunin banki. Saboda haka ƙofar da gwamnati ta buɗe ta ma'aikatan manyan birane ce.

3.7 Matsayin Masu Tarayya a Gidan Gado

Domin fito da matsalar fili, bari a kawo misali. A ɗauka wani magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gida mai ɗaki shida. A shari'a matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran kashi bakwai 'ya'ya za su raba, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Ke nan kowane namiji yana da kashi biyu, kowace mace tana da kashi ɗaya. Ɗaki shida ba zai rabu gida takwas ba, balle zaure da rijiya da makewayi. Hanyoyin da suka rage uku ne: a sayar a raba kuɗi, ko wani ya biya sauran, ko kuwa a bar gidan yadda yake. Sau da yawa hanya ta uku ake bi, don gudun watsewar zumunci da kuma kunyar a ce an sayar da gidan uba.

Matsala takan taso ne ranar da aka nemi takarda. Saboda sauƙi, sai a rubuta sunan babban wa. 'Yan'uwa mata suna gidajen aurensu, ƙila ma a Kaduna ko Funtuwa, ba su san an yi ba. Bayan shekaru, idan babban wan ya rasu, 'ya'yansa su ga sunan ubansu a takarda su ɗauka gidan nasu ne su kaɗai. Dattawan da suka san asalin maganar kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 cewa takardar ba ta share haƙƙin da wani yake da shi tun kafin a bayar da ita. Amma tabbatar da wannan haƙƙi yana buƙatar shaidu da kuɗi da shekarun zirga-zirga a kotu, kuma wanda ya fi cutuwa a nan ita ce mace.

Bugu da ƙari, akwai karo tsakanin hukumomi biyu. Alƙali yana da ikon raba gado, amma tsaga takarda sai da iznin Gwamna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ko wanda ya mallaki wurinsa a birni tun kafin 1978, sai ya nemi izni kafin ya jinginar. Wannan na nuna cewa cinikayya da jingina masu yawa da ake yi a gaban mai unguwa da shaidu suna tsaye ne a kan amana kawai.

3.8 Matsayin Masu Aro da Masu Haya

Da dokar 1978 ta fito, masu aro da yawa sun ɗauka cewa tunda ƙasa ta zama ta gwamnati, wurin da suke riƙe da shi ya zama nasu. Kotun Ƙoli ta warware wannan a 1991 a shari'ar Abioye da Yakubu, wadda ta taso daga Jihar Kwara tsakanin masu ƙasa da Fulani makiyaya da aka ba wuri suna biyan abin shaida. Kotu ta ce dokar ba ta rushe dangantakar mai wuri da mai aro ba. Wannan hukunci ya kare mai wuri, amma bai amsa tambayar da ta fi damun mai aro ba: idan mutum ya yi shekara talatin a wuri, ya yi gini, ya haƙa rijiya, ya dasa itatuwa, mene ne rabonsa ranar da aka ce ya tashi, ko ranar da gwamnati ta ƙwace wurin ta zo biyan diyya?

Wata illar da aka samu ita ce masu wuri sun tsorata da ba da aro mai tsawo. Sai aka koma hayar shekara-shekara, wadda ba ta ba mai riƙo ƙarfin guiwar gyara wuri. Mai hayar ɗaki a cikin gari shi ma yawanci ba shi da rubutacciyar yarjejeniya, sai dai rasit idan an ba shi.

Rashin tsaron da ya addabi Birnin Gwari ya ƙara tsananta lamarin. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Gwaska a watan Mayu na 2018, sun kori mutane daga ƙauyukansu, da yawa suka shigo cikin gari suka raɓe a gidajen dangi ko suka kama haya. Wanda jiya yake mai gida da gona, ya wayi gari ɗan haya. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Komawar mutane kufansu tana tafe da tambayoyi masu nauyi, domin iyakoki sun ɓace, wasu shaidu sun rasu, wasu magada sun warwatse, wasu gonaki kuma an jinginar da su lokacin ƙunci.

3.9 Darasi Daga Ingila

Tunda tsarin wa'adin shekara 99 daga Ingila aka aro shi, yana da kyau a duba yadda su suka yi da nasu. A can ma masu dogon wa'adi sun koka da cewa darajar gida tana raguwa yayin da wa'adi ke ƙaratowa. A 1967 majalisarsu ta ba masu riƙon gidaje damar sayen ƙasar da gidan ke kai, a 1993 aka faɗaɗa damar ga mazauna benaye. A 2022 aka soke kuɗin ƙasa a kan sababbin yarjejeniyoyi masu dogon wa'adi, dokar 2024 kuma ta tanadi ƙarin wa'adi har shekara 990. Tun wajen 1980 kuma suke da tsarin tarayyar mallaka, inda mai ƙaramin ƙarfi ke sayen wani kaso, a da daga kashi 25 cikin ɗari, daga 2021 kuma har kashi 10, ya biya haya a kan sauran. Tsarin yana da nasa ƙorafe-ƙorafen, musamman nauyin gyara da ke kan mai zama ko da kasonsa kaɗan ne.

Abin lura shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne ga fiƙihu. Malaman harkar kuɗi na Musulunci suna da abin da suke kira musharaka mai raguwa, inda banki da mai nema ke tarayya a gida, mai nema yana sayen kason banki sannu a hankali. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, hanyar yin irin wannan ba tare da kuɗin ruwa ba ta samu a Nijeriya. Abin da ya rage shi ne dokar filaye da za ta sauƙaƙa rubuta kason kowa da canja shi ba tare da neman izni a kowane mataki ba.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa manufofin gwamnati daga 1910 zuwa yau sun tafi a kan turba ɗaya, wato hukuma ce ke riƙe da ƙasa, mutum ɗaya kuma ya karɓi takarda mai wa'adi. An kuma ga cewa zaman mutanen Magajin Gari ya ginu ne a kan gidan gado da aro da haya da jingina, waɗanda al'ada da shari'a suka tsara amma takarda ba ta cika ɗaukar su ba. Kwamitin gyaran dokar filaye da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi nuni da cewa filayen da ke da rajista a Nijeriya ba su kai kashi uku cikin ɗari ba, amma har yanzu ba a gyara dokar 1978 ba.

Bisa wannan, binciken yana ba da shawarwari huɗu. Na farko, idan za a yi wa gidan gado takarda, a rubuta sunayen dukkan magada maza da mata tare da kason kowa, bisa takardar rabon gado daga kotu. Na biyu, masarauta da ƙaramar hukuma su buɗe littafin rajistar aro da haya da jingina a hannun masu unguwanni da dagatai, da Hausa, a kan kuɗi kaɗan. Na uku, gwamnatin jiha ta bayyana ƙa'idar sabunta wa'adi tun kafin takardun farko su fara ƙarewa. Na huɗu, shirin mayar da waɗanda rikici ya kora ya haɗa da tantance gidaje da gonaki a gaban shaidun da suka rage. Babi na gaba zai duba rawar da kotunan shari'a da masarauta ke takawa wajen sasanta rikicin gidajen gado a yankin.